Jakar Da Da Jakar Yau

Har gobe a bakin dattawanmu na Sabo, naira ɗari biyu sunanta jaka guda. Asalinta fam ɗari ne. Da aka yi canjin kuɗi ran 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, sai jaka ta zama naira 200. Sunan yana nan, amma jakar ta huje.

Shi ya sa in yaro ya ga takardar cinikin gidan kakansa an rubuta fam 300, sai ya ninka biyu, ya ce wai naira 600, ya bushe da dariya. Dariyar ba ta dame mu ba. Abin da ke raba zumunci shi ne ranar rabon jari: wani ya zuba jaka biyar a fataucin goro a 1980, wani ya kawo dubu ɗari a 2010, sai magada su ce na biyun ne mai babban kaso. Ina!

A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Naira ashirin mai hoton Murtala, wadda ta fito a 1977, ita ce babbar takarda har 1991. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta kama gangara. A 1995 kaɗai farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 70 cikin ɗari. A 2005 aka buga ta dubu, a 2024 kuwa dala ta haura naira 1,500.

To da me za mu auna? Dala ba ta isa ba, don ita ma tana zaizayewa a ƙasarta. Mu dai tun a Islamiyya aka ba mu ma'auni: nisabin zakka dinari 20 ne, wato kimanin giram 85 na zinariya, mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari. Dinarin bai motsa ba, lissafinsa da naira ne malamai ke sake sanarwa kullum. Sai dai zinariya ma takan hau ta sauka, don haka a haɗa da abin da muka sani: kuɗin nan shanu nawa zai saya a kara a shekarar, buhun gero nawa?

Hukuncin biyan tsohon bashi na malamai ne, ba mu sa baki. Namu na 'yan kasuwa shi ne duk kuɗin da muka rubuta a littafi, mu sa shekara, mu sa farashin sa da na buhu a gefensa.