Sai Masu Gida: Daga Haɗakar 1990 Zuwa Musun Majalisa Kan Kakar 2023

Duk majalisar da masoya Kano Pillars suka zauna a kakar 2025/26, daga Fagge zuwa Ƙofar Mata, hirar takan koma kan shekarar 2023. Wani ya ce 'yan wasan da suka fito da ƙungiyar daga gasar 'yan dagaji sun fi na yanzu zuciya. Wani ya ce ai wancan ƙaramin aji ne, kowa ma zai yi fice a cikinsa. Musun yana da daɗin ji, amma ba za a gane inda ya dosa ba sai an koma kan yadda aka kafa ƙungiyar da abin da ya ɗaga ta.

A shekarar 1990 Najeriya ta fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. Kano tana da tarihinta tun kafin nan, domin Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978, sai dai a lokacin da sabon tsari ya zo babu wata ƙungiya guda a birnin da za ta iya ɗaukar nauyinsa ita kaɗai. Sai aka haɗe uku: WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Wanda ya tsaya kan wannan aiki shi ne Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Kowace cikin ukun nan tana da 'yan wasanta da masoyanta da shugabannin da suka saba a dama da su, kuma sai da kowa ya haƙura da sunansa kafin a samu Pillars. Gwamnatin jiha ce ta riƙe ƙungiyar, ita ce kuma take riƙe da ita har yau.

Shekarun farko hawa da gangara ne. Ƙungiyar ta taɓa faɗawa ƙaramin rukuni, sai a 2001 ta dawo ta kafu sosai. Abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin duk alfaharin da ake yi yanzu. Daga watan Yunin 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 a jere, babu baƙon da ya doke Pillars a gida a gasar firimiya, sai da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1. Shekara 12 ke nan. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango ya kai shiga sakandare bai taɓa jin an ce an ci Pillars a Kano a gasar firimiya ba. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yakan cika tun kafin la'asar, 'yan kasuwar Kwari da na Sabon Gari su rufe shago da wuri, masu ganga su kama gefe guda. Ƙungiyoyin kudu da yawa tun a hanya suke lissafin cewa canjaras ma riba ce. Kirarin "Sai Masu Gida" a wancan lokaci magana ce da teburin gasa yake gaskatawa.

A kan wannan ƙarfi na gida aka ɗora kofuna. Kadiri Ikhana ya kawo na farko a 2008. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ta yi abin da har yau dattawan majalisa ke ba da labarinsa da murmushi: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan 1-1 a Najeriya da 2-2 a Alƙahira. Ta wuce rukunin da ke da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A kakar 2009/10 wani saurayi mai gudu kamar iska, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, kafin ya tafi Turai. Sai kofuna uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, tare da su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad a cikin fili. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kawai suka taɓa jera uku.

Kofin Ƙalubale ya daɗe yana wahalar da ita. A 2018 a Asaba tana gaban Enugu Rangers da ci uku da nema, aka farke duka, aka kuma cinye ta a bugun fenariti. Shekara ta zagayo, a Kaduna, ta doke Niger Tornadoes da fenariti ta ɗauki kofin a karon farko.

To, sai 2022. Ƙungiyar ta daɗe tana buga wasannin gidanta a wajen Kano, kuma da aka dawo da ita Ƙofar Mata a watan Afrilu, a karawa da Katsina United, aka yi tarzoma har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tara, ta sake korar ƙungiyar daga filin. Bayan 'yan makonni wani babban jami'in ƙungiyar ya kai hannu jikin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada. Maki ya zube a teburin hukunci, wanda 'yan wasa suka sha wuya kafin su tara shi a fili. Da kaka ta ƙare, Pillars ta gangara tare da Katsina United da Heartland da MFM, bayan sama da shekara 20 a babban aji. Mutane da yawa a Kano sun ƙi yarda har sai da suka ga jadawalin ƙaramar gasa da sunan ƙungiyarsu a ciki.

Kakar 2023 da ake ta ambato ita ce ta gyara wannan abin kunya. Evans Ogenyi ya ja ragama. Rabi'u Ali, wanda shekarunsa da sunansa sun isa su ba shi uzurin tafiya, ya zauna ya bi ƙungiyar zuwa filayen da babu kyamara babu ciyawar kirki. A gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, Pillars ta samu tikiti tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Shekara ɗaya tak ta yi a ƙasa.

Masu cewa 'yan wasan 2023 sun fi zuciya suna da hujja. A waccan kaka kowa ya san abin da ake nema, daga mai tsaron raga har mai kaɗa ganga, kuma tsoron sake kwana a ƙasa ya sa kowa ya kama kansa. Masu cewa ajin ne ƙarami su ma ba su yi ƙarya ba, domin doke ƙungiyoyin da ke fama da kuɗin mota daban yake da karawa da Enyimba ko Rivers United ko Remo Stars. Amma a ganina duka ɓangarorin sun ɗauko shekarar da ba ita ba ce. Kakar da ya kamata a ajiye kusa da ta 2025/26 ita ce ta 2022.

Dubi abin da ya faru a watan Oktoban 2025. Ahmed Musa ya dawo gida, har an naɗa shi babban manaja, fata ya yi yawa. Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, aka tashi 1-1. Wasu 'yan kallo suka tsallaka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukuncin ya zo yadda kowa ya san zai zo: an cire maki uku, an ci tarar miliyoyin naira, an mayar da wasannin gida Katsina. An samu maki ɗaya a fili, an yi asarar uku a ofis, an kuma rasa Ƙofar Mata, wato abu guda da ya sa ake tsoron Pillars tun 2003. Wanda ya jefa dutsen yana ganin kishin ƙungiya yake yi, alhali ya yi wa abokan hamayya aikin da 'yan wasansu ba su iya yi ba.

Akwai laifin da ba na 'yan kallo ba. Ƙungiyar da ke jiran gwamnati kan albashi da kuɗin tafiya, wadda shugabancinta ke sauyawa idan siyasa ta sauya, da wuya ta yi tsarin shekara biyar. Tsaron fili ma aikin hukuma ne, kuma ƙofa da katanga da jami'ai ba sa samuwa da kirari. Sai dai waɗannan matsaloli suna nan a shekarun da aka ci kofi huɗu, kuma ba su hana ba, saboda filin yana cike, galibin wasanni kuma suna ƙarewa lafiya.

Don haka kirana ga ƙungiyoyin magoya baya shi ne su riƙa tsare nasu da kansu. Sun san masu tayar da fitinar nan da sunayensu da unguwanninsu. Su hana su tun daga bakin ƙofa, su miƙa wanda ya ƙi ji ga hukuma, shugabannin Pillars kuma su daina rufa wa kowa asiri a kan wannan, komai kusancinsa da su.