Mai Kwarmato da Maigidansa: Tarihin Kariyarsa daga Yola zuwa Abuja

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 ya mai da ita cibiyar mulkin Fombina, tsarin shari'ar da ya gada daga Sakkwato ya riga ya tanadi sauraron mazalim, wato ƙarar da talaka ke kaiwa gaban sarki a kan zaluncin hakimi ko alƙali ko mai karɓar haraji. Sai dai wannan ƙofa an buɗe ta ne domin wanda aka zalunta, ba domin baran da ya ga maigidansa yana cin amana ba, kuma shi baran ba ya da wata garkuwa face adalcin Lamiɗo. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, aka kafa mulkin En'e, Jimeta kuma ta bunƙasa da ofisoshi da unguwanni irin su Alkalawa, sai aka sami malaman ofis masu albashi, waɗanda ci gabansu da korarsu duka suke hannun mutumin da za su iya kai ƙararsa.

'Yancin kai bai sauya wannan ba, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta mai da fitar da takardun hukuma laifi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa a 1975 tana bincike ta ba da shawara, amma ba kotu ba ce da za ta tilasta a mayar da korarre kan kujerarsa.

Abin da ya sami Nuhu Ribadu, haifaffen Yola kuma shugaban EFCC na farko daga 2003, ya nuna zurfin giɓin, ko da yake shi mai bincike ne, ba mai kwarmato ba. A ƙarshen 2007, jim kaɗan bayan hukumarsa ta kama tsohon gwamnan Delta, James Ibori, an ɗauke shi daga muƙaminsa aka tura shi kwas a Kuru. A 2008 aka rage masa girma sannan aka kore shi daga aikin ɗan sanda, sai a 2010 aka maido masa da girmansa na ɗan sanda. Idan haka ta faru da mutumin da duniya ta sani, ba abin mamaki ba ne ƙaramin akawu ya zaɓi kame bakinsa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta kawo sassauci, domin sashe na 27 ya kare jami'in da ya fallasa almundahana da kyakkyawar niyya daga tuhuma, amma bai yi maganin ramuwar gayya ta cikin ofis ba, irin su dakatarwa, hana ƙarin girma, ko canjin wurin aiki zuwa wani lungu. A Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta fito da tsarin kwarmato, wanda ya yi alkawarin tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, kuma ta wannan hanya aka gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017. An sa tukuici a gaba, kariya a baya, alhali tsarin manufa ce ta gwamnati, ba doka ba; shi ya sa a 2017 aka kori Ntia Thompson na Ma'aikatar Harkokin Waje bayan ya tona wata badaƙala, kuma sai da ƙungiyoyi suka yi ta matsin lamba kafin a mayar da shi.

Afirka ta Kudu ta yi tata dokar kare masu kwarmato a 2000, Ghana a 2006. A Najeriya Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri a 2017 bai zama doka ba, Majalisar Zartarwa ta amince da wani daftari a Disamban 2022, wa'adin Buhari ya ƙare ba a sa masa hannu ba. Hanyar da ta rage wa mai kwarmaton da aka kora daga wani ofis a unguwar Alkalawa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'ar kora, inda shi ne zai ɗauki lauya ya tabbatar da cewa kwarmatonsa ne sanadin sallamarsa.