Tarihin Korar Tsutsar Ciki a Zangunan Ankara

Tun zamanin da fataken goro da na shanu suka fara sauke kaya a Ankara ta ƙasar Gana, har Malam Bako ya kafa Sabon Zango, Malam Amadu Futa kuma ya sami filin Nima a farkon shekarun 1930, Hausawa ba su saki ilmin ɗibbu da suka gada kaka da kakanni ba, musamman babin tsutsar ciki, wadda ke yaɗuwa duk inda jama'a ta cunkushe, ruwa ya yi ƙaranci, makewayi kuma bai wadata ba. Idan uwa ta ga tumbin ɗanta ya fito alhali ƙafafunsa sun tsuke, sai ta jiƙa sassaƙen maɗaci ko ganyen dogon yaro, ta ɗura masa da asuba kafin ya karya kumallo, yana tsala ihu tana riƙe da haɓarsa. Har gobe masu magani suna baje saiwoyi a shataletalen Circle da kasuwannin Nima da Maamobi.

Bayan buɗe asibitin Korle Bu a 1923, likitoci suka riƙa bambance ƙwan macijin ciki da na tsila da na mai shan jinin hanji ta madubin bincike. A 2001 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar a riƙa raba wa 'yan makaranta ƙwayar maganin tsutsa.

Sai dai akwai wata mas'ala game da tsutsar wadda ta ɗaure wa masana kai. A 1968 likita Brian Greenwood ya lura a Ibadan cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita ba su da yawa a can, ya kuma yi zaton ƙwayoyin cuta masu zama a jikin mutane su ne sanadi. Daga bisani aka tabbatar cewa tsutsa, don ta daɗe a masaukinta, takan fitar da sinadarai masu ƙarfafa wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu kwantar da tarzoma, ta haka kumburin hanji zai iya lafawa. Bisa irin wannan tunani ne Joel Weinstock da abokansa a Iowa ta Amurka suka shayar da masu kumburin hanji ƙwan wata tsutsa, suka bayyana alamun nasara a 2005, amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da fa'idar ba.

Lalle cikin kowace halitta akwai hikima ga mai lura, sai dai tsutsar da ke shanye jinin yaro, ta hana shi girma da fahimtar karatu, illarta ta rinjayi amfaninta nesa ba kusa ba. Saboda haka, ya ku iyaye, a kai yara asibiti a ba su magani, a kuma riƙi tsabtar hannu da ta ruwan sha.