Kifin Kwazazzabon Mariyana

Pseudoliparis swirei ƙaramin kifi ne da ke zaune a Kwazazzabon Mariyana, a yammacin tekun Pasifik, kusa da tsibirin Guwam. Ana samun sa daga zurfin wajen mita 6,200 zuwa sama da mita 8,000. Ɗan gidan Liparidae ne, dangin da ke da ire-iren kifaye fiye da 400, waɗansu a ruwan gaɓar teku, waɗansu can ƙasa inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba.

Labarinsa ya faro tun kafin kowa ya gan shi. A watan Maris na 1875 jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya zura igiya mai nauyi a wannan yanki, ya auna zurfin da ya haura mita 8,000. Daga cikin hafsoshin da ke kula da hanyar jirgin akwai Herbert Swire, kuma sunansa ne kifin ya gada bayan shekaru 142. A wancan zamani ba a iya kamo kifi a irin wannan zurfi ba. Sai a shekarun 1950 aka fara ciro kifi daga irin waɗannan ramuka: jirgin Galathea na Denmak ya kamo ɗan wannan dangi a Kwazazzabon Kermadek a 1952, sannan masanin Rasha Anatoly Andriashev ya bayyana wani a 1955 daga Kwazazzabon Kuril-Kamcatka. Shi ne ya raɗa sunan Pseudoliparis.

A ranar 23 ga Janairu 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka ƙasan Mariyana, kusan mita 11,000, cikin jirgin nutso Trieste. Piccard ya ce ya hango wani faffaɗan kifi kwance a ƙasa. Ba su ɗauko hoto ba, kuma masana da yawa yanzu suna ganin wata halitta ce dabam. Maganar ta daɗe tana yawo cikin littattafai fiye da yadda hujjarta ta cancanta.

Shi kuwa Pseudoliparis swirei, a 2014 ne aka kama shi, a tafiyar jirgin Falkor. Dabarar kuwa ba ta da wani tsanani. A ɗaura kyamara da tarko da naman kifi a jikin ƙarfe, a sake shi ya nutse na tsawon sa'o'i, in lokaci ya yi a aika masa sauti ya saki nauyinsa ya taso da kansa. Mackenzie Gerringer da Thomas Linley da abokan aikinsu suka bayyana kifin a mujallar Zootaxa a 2017, bisa kifaye 37. Wanda ya fi kowanne nisa an ciro shi daga mita 7,966.

Wanda ya yi tsammanin dodo mai haƙora zai sha mamaki. Tsawonsa bai cika santimita 30 ba. Kansa babba ne, idanunsa ƙanana, jikinsa na sirancewa har wutsiya. Ba shi da ɓawo, sai santsi irin na tarwaɗa, amma shi fari ne mai ɗan ja-ja, fatarsa kuma shara-shara ce har ana hango hantarsa daga waje. Ƙarƙashin fatar akwai wani nama mai ruwa-ruwa da ke taimaka masa yin iyo ba tare da jakar iska ba, don a can jakar iska ba ta da amfani: matsin ruwan ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 800. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, yawanci guringuntsi ne, ƙoƙon kansa ma bai rufe duka ba. Binciken ƙwayoyin gadonsa da masanan Sin suka wallafa a 2019 ya nuna ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke ƙarfafa ƙashi ta daina aiki a jikinsa. Abincinsa ƙananan halittu ne dangin jatan lande, yana zuƙo su da baki, wani muƙamuƙi na biyu da ke cikin maƙogwaro ya murƙushe su. Abinci kan gangaro ya taru a kwazazzabo, ga shi babu babban kifin da zai biyo shi can, don haka ba ya kwana da yunwa. Ƙwansa manya ne ƙwarai idan aka dubi girmansa, wani ya kusa santimita ɗaya.

To me ya hana shi sauka har ƙarshen ramin? Amsar da ta fi karɓuwa tana ga wani sinadari mai suna TMAO, wanda ke kare sunadaran jiki daga matsin ruwa. Iya zurfin da kifi ke zaune, iya yawan sinadarin a namansa. A 2014 Paul Yancey da abokan aikinsa suka lissafa cewa a wajen mita 8,200 yawansa zai kai inda ruwan teku zai riƙa kutsawa cikin jikin kifin. Abin da kyamarori suka gani daga baya bai yi nisa da lissafin ba. A 2017 masanan Japan sun ɗauki hoton kifin wannan dangi a mita 8,178 cikin Mariyana. A 2022 tawagar Alan Jamieson ta ɗauki wani ɗan Pseudoliparis a mita 8,336 a Kwazazzabon Izu-Ogasawara, kudu da Japan, inda ruwan ya ɗan fi na Mariyana ɗumi.