Maganin da aka fara tatsowa daga mabiyiya

A wajenmu in mace ta haihu, mabiyiya binne ta ake yi a bayan ɗaki. To yau ga tarihin wani magani da asalinsa daga cikinta ya fito.

A shekarar 1882 wani matashin lokotoro a Paris, Philippe Gaucher, ya yi rubutu kan wata mata mai shekara 32 wadda saifarta ta kumbura ƙwarai. Ya zaci daji ne. Ba daji ba ne, amma sunansa ya bi cutar har yau. Sai a 1965 Roscoe Brady, a cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka, ya gano bakin zaren: jikin masu cutar yana da ƙarancin wani sinadari, enzayim, mai narkar da wani irin maiƙo. Maiƙon sai ya yi ta taruwa a saifa, hanta da ɓargo, jini ya ragu, ƙashi ya yi ta ciwo. Gado ce kamar sikila, sai uwa da uba duka sun ɗauko ta.

Dabarar a baki mai sauƙi ce: abin da jiki ya rasa, a zuba masa ta jijiya. A ina za a samo shi? A mabiyiya. Brady ya tace shi ya gwada a 1974, amma sakamakon bai taka kara ya karya ba, don enzayim ɗin ba ya shiga ƙwayoyin da maiƙon ya cika. Shekaru aka kwashe kafin a gane sai an gyara sukarin da ke manne a jikinsa, sannan waɗannan ƙwayoyi su hadiye shi. Nan ne, a ganina, ainihin aikin yake.

A 1991 Amurka ta amince da maganin, Ceredase, na kamfanin Genzyme. Ku ji wannan: maganin mutum guda na shekara guda sai an tara mabiyiya wajen dubu 20. A 1994 aka fito da Cerezyme, wanda ake nomawa cikin ƙwayoyin dabba a masana'anta, aka huta da tara mabiyiya.

Yana aiki kuwa. Saifa ta sace, jini ya dawo, yaro ya girma. Amma ba ya warkarwa, ƙarin ruwa ne duk sati biyu har ƙarshen rai, kuma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa ga masu nau'in da ke taɓa ta. Kuɗinsa a Amurka ga babba yakan haura dala dubu 200 a shekara, wato sama da sefa miliyan 100.

Mu nan, yaro mai kumburin saifa masassarar sauro ko sikila ake fara zato, kuma galibi haka ne. Amma in an yi ta magani ba sauƙi, musamman a gidan da ake auren zumunci, a tambayi likita ko akwai wani awon da ya rage.