Hijra na Indiya da rajistar Turawa

Duk wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya a Maradi ko Damagaram ya taɓa ganinsu: an sha kwalliya, an ɗaura sari, murya ta maza, suna tafi da ƙarfi a gidan suna ko na biki. Sunansu hijra (kar a haɗa da hijirar da muka sani a tarihin Musulunci). Da yawansu ba su lissafa kansu cikin maza, ba su kuma lissafa kansu cikin mata. Suna zama gida-gida ƙarƙashin guru, kamar dai uwar ɗaki, mutane na biyansu don su sa wa jariri ko amarya albarka.

Ni abin da ya ja hankalina shi ne shekarar 1871. A lokacin ne Turawan Ingila suka kafa dokar da ta sa wasu ƙabilu cikin jerin masu laifi tun daga haihuwa, suka kuma ware wa hijra sashe guda. A arewacin Indiya ƴan sanda suka buɗe rajista, suna rubuta sunayensu da dukiyarsu. Wanda ke cikin rajistar, in aka gan shi da kayan mata a titi, ko yana rawa a bainar jama'a, ɗauri ne har na shekara biyu. To, wanda abincinsa rawa da waƙa ne, ka hana shi, me ya rage masa? Ai ba gyara ake nema ba, so ake su ƙare.

Ba su ƙare ba. An soke sashen a 1911, sannan a 2014 kotun ƙolin Indiya ta amince da su a matsayin jinsi na uku. Sai dai har yau da yawansu bara suke yi a cikin jirgin ƙasa.

Wani zai ce ai ƴan daudunmu ke nan. Ni dai ban yarda ba gaba ɗaya. Ɗan daudu namiji ne a wurin jama'a, sau da yawa ma yana da mata da ƴaƴa. Yana tuyar kaji a tasha, yana girkin biki, tarihinsa kuma ya sarƙe da bori da iskan nan Ɗan Galadima. Ba wanda ke kiransa ya sa wa jariri albarka.