Makomar Nijar a hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya

Tun juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawo majalisar soji ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, ƙofofin da ɗan Nijar ke iya kai ƙarar gwamnatinsa a ƙetare sun ragu.

Kotun CEDEAO

Wannan kotu ta Abuja ita ce wadda talakan Nijar ya fi amfana da ita. A Oktoban 2008, a zaman da ta yi a Yamai, ta samu gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A ranar 15 ga Disamba 2023 ta ba da umarnin sakin hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, amma hukumomin Yamai ba su aiwatar da hukuncin ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ta rufe wannan ƙofa.

Kotun CPI

Nijar ta shiga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya a 2002. A ranar 22 ga Satumba 2025, ita da Mali da Burkina Faso, ƙawayenta na AES, suka sanar da ficewa, suna zargin kotun da zama makamin sabon mulkin mallaka. Bisa yarjejeniyar Roma, ficewa ba ta fara aiki sai shekara guda bayan miƙa takarda ga babban sakataren MDD, kuma ba ta hana kotun ci gaba da shari'ar da ta riga ta buɗe.

Ƙofofin da suka rage

Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agustan 2023, sai dai dakatarwa ba ta sauke wa ƙasa nauyin yarjejeniyoyin da ta sa wa hannu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul na karɓar koke. A 2021 kuma Nijar ta amince ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi su kai ƙara kai tsaye kotun Afirka da ke Arusha.

Har yanzu Nijar mamba ce a MDD, inda Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Geneva ta bi diddigin halin da ƙasar ke ciki a 2011 da 2016 da 2021. Sai dai shawarwari kawai Geneva ke bayarwa, aiki da su kuwa yana hannun masu mulki a Yamai.